Hadarin da Magdalina Ta Aika

Sabon Gari, Minna
2 ga Yuni

Zuwa ga mijina Gaiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Mama tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, jiya har ta taka zuwa coci, ko da yake a hanyar dawowa babu ramin da ba ta yi wa faɗa ba.

Wasiƙarka ta iso. Na gode da kake riƙe da alkawarin da muka yi a tasha, cewa hirar waya daban, wasiƙa daban: ka rubuta da biro a takarda, ka ɗauki hotonta ka turo. Amma Gaiya, sau huɗu na karanta ina neman kaina a ciki, ban samu ba. Na samu iskar da ke kaɗawa daga gabas safe da yamma. Na samu yayyafin da ke sauka rana na haskawa, ya ɗauke kafin mutum ya gama buɗe lema. Na samu yadda ka kwashe shanyarka da gudu sau uku a yini ɗaya har maƙwabta suka fito kallo. Sunana kuwa sau ɗaya ya fito, a can sama, inda dole ne.

A littattafan da nake arowa a Kasuwar Kure, in miji ya tsallaka teku ba ya iya cin abinci. Ramewa yake yi, ya zauna bakin ruwa yana kallon gida. Kai kuwa ka ce ka ƙara rami ɗaya a bel ɗinka. Ban ce ka rame ba, amma ko ƙarya ai ka yi min.

Yaya maganar gidan malamai? Ka ce shugaban makarantarku, Mista Christopher, shi ne mai ba da makulli, kuma sai ka samu gida zai sa hannu a takardar da za ta ba ni damar biyo ka. Wata goma sha ɗaya da aurenmu, wata biyu kacal muka zauna tare. Mata a zumuntar coci sun fara kirana amaryar waya.

Tunda labarin sama kake so, ga naka. Ranar Asabar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kasuwa ta watse, ruwa ya shigo min shago ya jiƙa atamfar mutane da keken ɗinkin gaba ɗaya.

Taka har abada,
Magdalina

Barbados
12 ga Yuni

Magdalina,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Ki gaishe da Mama, ki ce ta ci gaba da shafa maganin ko da ƙafar ta daina ciwo.

Layin ƙarshe na wasiƙarki ya ba ni sha'awa ƙwarai. Kin ce an yi ruwan ranar Asabar, wato 31 ga Mayu. To jiya Laraba mun samu ruwa na gaske, irin namu na gida, ba wannan yayyafin na wasa ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Abin da nake koya wa ɗalibaina a allo shi ne na gani da idona. Hadarin da ya wuce ku ba ya mutuwa a Bida. Yamma yake ci gaba da yi har ya fita ta wajen Senegal, ya hau teku, iskar gabas ta yi ta turo shi har ya iso mana nan tsibirin Barbados. Ba kowanne ke kaiwa ba, amma wannan ina ganin ya kai.

Don haka ki nemi gwangwanin madara babba, ki ɗora a kan katanga nesa da indararo. Duk ranar da aka yi ruwa ki auna da tef ɗin ɗinkinki, ki rubuto min.

Maganar gida, ɗaya ne zai fito a watan Agusta, mu biyu ke nema, ni da wani malamin lissafi. Mista Christopher ya ce zai duba bayan bikin 'yarsa, wanda za a yi a bakin teku wata mai zuwa. Mutum ne mai tsari, ba ya son a dame shi, don haka ina binsa a hankali.

Batun bel kuma, laifin kifi ne. A nan da safe ma kifi ake ci.

Naki,
Gaiya Silas

Sabon Gari, Minna
16 ga Yuni

Hasken idona,

Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai ɗan mura da nake fama da shi, kuma kai ne sanadi.

Gaiya, ka san abin da ka rubuto kuwa? Ruwan da ya taɓa ni shi ne zai je ya taɓa ka. Littafi nawa na karanta, babu marubuciyar da ta taɓa tunanin wannan, sai ga shi ya fito daga bakin malamin labarin ƙasa. Na yafe maka kifin.

Jiya Lahadi bayan mun taso daga coci aka fara. Kowa na gudu yana shigar da kaya, ni kuwa na fita tsakar gida da kayan cocina, na ɗaga kai sama na ba ruwan saƙo uku ya kawo maka. Ina cikin na biyu Mama ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Magdalina, in kewar miji ce ki shigo ki yi ta a inuwa. Mu ma mun yi, ba mu jiƙa ashoke ba."

Na ce, "Mama, saƙo nake aikawa."

Ta ce, "To ki ce masa ya aiko miki da maganin mura ta hanyar."

Gwangwaninka ya nuna inci ɗaya da rabi. Akuyar maƙwabta ta hau katangar ta ɗan sha kafin in kore ta, sai ka ƙara kaɗan. In lissafinka daidai ne, ranar 26 zai iso. Don Allah kada ka gudu ka ɓuya. Ka tsaya ka saurara.

Mai kewarka dare da rana,
Magdalina

Barbados
27 ga Yuni

Magdalina,

Ina lafiya. Ki sha maganin muran, kuma ki daina tsayawa cikin ruwa, gwangwanin zai yi aikinsa ko ba kya wurin.

Ya iso. Tun ranar Litinin na faɗa a ɗakin malamai cewa matata ta ce za a yi ruwa ranar Alhamis. Suka yi ta dariya, malamin lissafin nan har da riƙe ciki. Jiya da rana ana tsakiyar wasan ƙwallo na makaranta sama ta buɗe, sai da aka tashi wasan. Yau da safe masunta biyu suka tare ni a hanya suna tambaya me matata ta ce game da mako mai zuwa. Mista Christopher da kansa ya miƙo min hannu a gaban mutane, ya ce ashe ba ni kaɗai gwamnatinmu ta aiko musu ba. Ina ganin maganar gida tana tafiya daidai.

Nan gaba ki riƙa rubuta ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka ɗauke. Akuyar kuma a yi maganinta, tana ɓata lissafi.

Saƙo ukun da kika ce kin ba ruwa ban samu ba. Ruwa ba ya ɗaukar sauti. Ki rubuto su.

Naki,
Gaiya Silas

Sabon Gari, Minna
1 ga Yuli

Gaiya,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Yau ɗaya ga Yuli. Na tashi na yi wanka na ɗaura zanen da ka sani, na ajiye waya kusa da keken ɗinki, na yi ta kallonta. Ba ta ce komai ba.

Sai wajen azahar hadari ya taso, irin wanda tun da aka haife ni ban taɓa gani ba. Gari ya yi duhu kamar an kife masa tukunya. Iska ta fara da labulen ɗakinmu, wanda ka kafa a karkace ka ce za ka gyara in ka dawo, ta ɗauke shi ta tafi. Ta tumɓuke bishiyar mangwaron ƙofar coci, wadda ka tsaya a ƙarƙashinta ranar da ka fara yi min magana, ka yi minti goma kana bayanin dalilin da mangwaron Minna ya fi zaƙi kafin ka tambayi sunana. Tsawa ta yi ta kiran wani, ba a amsa ba. Ruwa ya cika tsakar gida, ya hau baranda, ya shiga ɗaki, ya kwanta a gefenka na gado, tunda dai babu kowa a wurin. Gwangwaninka ya cika ya tumbatsa, ruwa ya yi gaba da shi. Ba zan iya faɗa maka ƙarfe nawa aka ɗauke ba, don har yanzu da nake rubutun nan ba a ɗauke ba. Duk garin nan babu wanda ya jiƙe kamar ni.

Ga rahotonka. Ka kai wa masunta.

Magdalina

Na manta. Mama ta wuni tana shanya barkonon da za ta tafi da shi Zonkwa gobe, ya bushe sarai. Ta ce in gaishe ka, za ta yi mako uku a can.

Barbados
2 ga Yuli

Magdalina,

Ina fatan babu wanda ya ji rauni. Na kira sau shida, wayarki a kashe.

Ɗaya ga wata a ƙara kwana goma sha ɗaya, sha biyu ke nan. Ranar Asabar 12 ga wata ita ce ranar bikin 'yar Mista Christopher. Ki gaggauta sanar da ni ko akwai bokiti ko baho da ya kwana a waje, ki auna shi. Ina bukatar adadi.

Gaiya

Barbados
7 ga Yuli

Magdalina,

Kwana shida ban ji ki ba. Na tabbata iskar ta kayar da turakun waya na unguwarku, shi ya sa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman abin da ke tafe. Na samu Mama a Zonkwa, ta ce lafiya lau, ruwa ya yi gyara. Amma kin san Mama, ranar da kicin ya kama da wuta ma lafiya lau ta ce min.

Na kasa yin shiru. Na je na faɗa wa Mista Christopher. Masu hasashen yanayi a rediyo sun ce babu komai ranar Asabar sai iskar gabas da ɗan yayyafin da aka saba. Ya saurare su, ya saurare ni, ya ce rediyo ba ta faɗa masa ruwan ranar ƙwallo ba. An soke rumfunan bakin teku. Za a yi bikin a ɗakin taro na makaranta. Amarya ta yi kuka, amma uban ya ce gara kuka da nutsewa.

Ni na ɗebi kujeru ɗari biyu na shigar. Ya ce ba zai manta da abin da iyalina suka yi masa ba.

Ki kula da kanki. Duk inda kika samu waya ki neme ni.

Gaiya

Sabon Gari, Minna
13 ga Yuli

Mijina, maigidana,

Ina lafiya, kowa lafiya, gida lafiya, turakun waya lafiya. Yanzu na kunna waya na ga wasiƙunka biyu.

Gaiya, ba a yi ruwa ba. Ranar ɗaya ga wata ko ɗigo bai sauka a Minna ba, rana aka yi mai fasa kai. Labulen yana nan a karkace. Mangwaron yana nan. Gwangwanin yana kan katanga, ƙadangare ne ma ya tare a ciki.

Ranar ce muka cika shekara ɗaya da aure, ka manta. Na san layin ruwa kaɗai kake karantawa a wasiƙata, shi ya sa na kwashe abin da ke zuciyata na zuba a wurin, ko ka gani. A littafi duk sanda mace ta ji irin abin da na ji, sama ma taya ta take yi. Ni sama ta ƙi, sai na taya kaina.

Wayar kuma ni na kashe, na sa ta cikin kwanon gari na rufe. Akwai wani littafi mai jan bango da na karanta, matar ta yi shiru kwana goma sha biyu, mijin ya hau jirgi ya zo ya durƙusa. Ban lissafa kwanakin bikin ba, ka ce wata mai zuwa ne kawai, ba ka faɗi rana ba. Ban ce laifinka ne ba. Na dai faɗa ne.

Yau a coci na yi addu'a Allah Ya sa jiya an yi muku ruwa ko na wani ne, ko na Ilorin, ko na Senegal. An yi? Me Mista Christopher ya ce? In na rasa mana gidan nan da hannuna, ban san da wane ido zan kalle ka ba, in ma na samu ganinka.

Ka yi min faɗa, amma ka rubuto.

Taka, mai laifi,
Magdalina

Barbados
18 ga Yuli

Magdalina,

Ina lafiya. Na yi kwana biyar ban rubuto ba. Ba daga littafi na koya ba, kujeru nake mayarwa.

Ba a yi ruwa ba. Tun da na zo tsibirin nan ban ga rana mai kyau kamar Asabar ɗin nan ba. Sama tas, iska mai sanyi tana kaɗa bishiyoyin kwakwa a hankali. Duk wannan ta taga muka gani, mu ɗari biyu, a ɗakin taro mai rufin kwano da fanka biyu, ɗaya ba ta aiki. Kek mai hawa uku ya narke ya zama hawa ɗaya da rabi. Kakar amarya tana fifita da takardar tsarin biki, idonta a kaina tun daga addu'ar buɗewa har ta rufewa. Wajen ƙarfe huɗu ɗan yayyafin nan ya sauka. Na miƙe na nuna taga. Kafin mutane su juya ya ɗauke.

Ranar Lahadi Mista Christopher ya aiko in je gidansa. Na tafi da wasiƙarki ta ɗaya ga wata don in nuna ba ni na ƙirƙira ba. Na fara fassara musu wurin hadarin, sai Madam, matarsa, ta ce a'a, in fara daga sama, kada in tsallake ko layi ɗaya.

Magdalina, a falon mutane na fara karanta wasiƙar nan. A baya dubawa na yi, ina neman inci.

Da na zo wurin mangwaro Madam ta ajiye kofinta. Da na zo gefena na gado, Mista Christopher ya koma kallon silin. Da na zo wurin barkono, Madam ta ce, "Malam, a ƙasarku barkono cikin ruwa yake bushewa?"

Na sake duba wasiƙar.

Ta ce, "Ranar me ce ɗaya ga Yuli a gidanku?"

A nan na tuna. Ta gani a fuskata. Ta ce, "Mace ta rubuto maka wannan, kai kuma ka ce ta auna baho." Ba ta ɗaga murya ba, amma gara a ce ta ɗaga. Wasiƙarki ta shigo ina zaune a wurin, sai da na fito na buɗe, kuma babu abin da ke ciki wanda Madam ba ta riga ta faɗa min ba, in ban da kwanon gari.

Mista Christopher ya juyo gare ni. Sannan ya ce malamin lissafi bai taɓa narkar wa kowa da kek ba, shi ya fi cancanta. Amma shi yana da sauran 'ya'ya mata biyu da bai aurar ba, kuma ba zai iya barinki a can kina aiko masa da hadari duk sanda na manta wani abu ba. Ya ce gara ki zo nan inda zai riƙa ganin sama ɗaya da ke. Ya sa hannu ranar Laraba. Makullin yana aljihuna. Sharaɗi ɗaya ne: daga ni har ke, kada wanda ya sake yi wa kowa maganar ruwa a tsibirin nan.

Ki yafe min ɗaya ga Yuli. Ban iya irin rubutun littattafanki ba, ga dai abin da na sani. Yayyafin nan na safe minti uku yake yi, amma bai taɓa fashi ba. Duk sanda ya sauka ina duba agogo in ƙara awa biyar, in ce yanzu kina shago, tef a wuyanki, allura a bakinki. Kullum nake yi, ban san abin rubutawa ba ne. Kwanakin da wayarki take cikin kwanon gari kuwa, kifi bai shiga bakina ba. Bel ya koma raminsa na da, har ya wuce da ɗaya.

Mijinki,
Gaiya

Sabon Gari, Minna
21 ga Yuli

Gaiya nawa,

Muna lafiya. Mama ta dawo da wuri, na karanta mata wurin kek, ta yi dariya har ƙafar ta motsa. Sauran ban karanta mata ba.

Sau bakwai na karanta wasiƙarka, kowane karo ina samun kaina a ciki. Ba ta kai ta littafi ba, babu jarumin da ke ambaton ramin bel. Amma na mayar da mai jan bangon kasuwa, na ce a ba wata.

Ka gaishe min da Madam, ka tambayo min awon amarya. Zan ɗinko mata riga in zo da ita, ko ta daina jin zafina.

Yanzu ka karanta wannan a ɗaki kai kaɗai. Jiya Lahadi an yi ruwa na gaske, Mama shaida ce. An fara ƙarfe huɗu da minti goma, an ɗauke biyar da rabi. Inci biyu da kwata, akuya a ɗaure. Zai iso muku ranar Alhamis 31 ga wata. Kada ka faɗa wa masunta, kada ka faɗa wa Mista Christopher, ko ya tambaya ka ce ba ka sani ba. Kai dai ka kwashe shanyarka da wuri, sannan ka fita ka tsaya a ciki.

Na sake ba shi saƙo ukun nan. In ba ka ji ba, kada ka damu, ina tafe da su.

Matarka,
Magdalina